Tambaya da Amsa: Renon Tsirran Tsauni a Cikin Kwalba

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karon sun karkata ne ga tsirran da ba sa fitowa sai a kan tsauni, da yadda ake yawaita su a ɗakin gwaje-gwaje kafin su ƙare. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Wani ɗalibi daga Jalingo: An ce ana iya yanko ɗan guntun reshe a sa a kwalba ya haifi bishiya dubu. Gaskiya ne? In haka ne, me ya hana a yi wa itatuwan Mambila da ake cewa suna ƙarewa?

Gaskiya ne, ɗan'uwa. Kowane ido da ke gindin ganye a jikin reshe toho ne da ke barci. In aka yanko shi, aka kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsa, aka ɗora shi a kan abinci mai kauri kamar kamu a cikin rufaffiyar kwalba, sai ya farka ya fitar da 'ya'ya. A ce kowane toho yana ba da uku a mako shida, ana rarraba su zuwa sababbin kwalabe sau takwas a shekara: lissafi ya ba da 6,561. A aikace ba a kaiwa nan, don wasu na ruɓewa, wasu na ƙin yin saiwa, amma ka ga inda maganar dubu ta samo asali.

Sai dai duk dubban nan bishiya ɗaya ce da aka maimaita. Cutar da ta iya da uwar ta iya da su duka. Mai noman ayaba ko rake ba ya damuwa da wannan, iri ɗaya yake so. Mai son ceton tsiron daji kuwa bambancin da ke tsakanin bishiya da bishiya shi ne dukiyar da yake tsaro. Shi ya sa masu tara iri ke ƙoƙarin ɗebowa daga uwaye kamar 50 a kowane kurmi, masu nisa da juna, kuma ba sa kwashe fiye da kashi 20 cikin 100 na 'ya'yan da suka tarar a ranar.

Ɗauki gandun dajin Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa a kan tudun Mambila, mita 1,400 zuwa 1,600 daga doron teku. Gandun ya kai murabba'in kilomita 46, amma ainihin kurmin bai cika 8 ba, sauran ciyawa ce. A cikinsa akwai manyan itatuwa da ke cikin jerin masu fuskantar barazana, irin su Entandrophragma angolense, ɗan'uwan maɗaci, da Pouteria altissima da Prunus africana. Yawancinsu suna yin 'ya'ya, 'ya'yan kuma suna tsirowa. Abin da ke kashe su wutar rani ce da ke lashe bakin kurmi, da kofaton shanu, da raguwar birai da tsuntsayen da ke yaɗa irin. Irin waɗannan gandun reno da shinge suke buƙata.

Kwalba tana da amfani ne a wurare uku: tsiron da ya daina yin iri ko ya rage 'yan ƙalilan, tsiron da irinsa ke mutuwa da zarar ya bushe har ba a iya ajiye shi, da furannin okid, waɗanda irinsu kamar ƙura yake, ba shi da guzurin abinci a ciki, kuma ba ya tsirowa a daji sai da taimakon wani naman gwari. Tun 1922 Lewis Knudson ya nuna cewa irin okid na tsirowa a kwalba in an ba shi sukari da gishirin ma'adinai.

Wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje daga Zariya: Muna da tukunyar matsi da ma'auni da 'yan kwalabe. Ku ba mu matakan dalla-dalla, da adadin kowane abu.

Malam, fara da abincin. Wanda aka fi amfani da shi shi ne haɗin Murashige da Skoog na 1962, ana kiransa MS, ana kuma sayar da shi gari. A lita ɗaya ta tataccen ruwa, zuba giram 4.4 na garin da giram 30 na sukari. Sukarin shayi na kanti yana yi. Ƙara BAP, sinadarin da ke ta da toho, miligiram 0.5 zuwa 2. Ga tsiron da ba a taɓa gwadawa ba, raba kwalabenka gida huɗu: babu BAP, 0.5, 1 da 2, ka ga wanne ya karɓa. Daidaita tsamin ruwan, wato pH, zuwa 5.7 ko 5.8 kafin ka sa agar, abin da ke daskarar da shi, giram 7 zuwa 8. In tsamin ya yi ƙasa da 5 agar ba zai kama sosai ba, in ya haura 6 abincin ya yi tauri, ƙarfe da wasu ma'adinai su ƙi narkewa. Narka shi a wuta, zuba mililita 25 zuwa 30 a kowace kwalbar jam, rufe ba tam ba, dafa a digiri 121 na minti 15 zuwa 20. Ana fara ƙirga mintin ne daga lokacin da tukunyar ta kai matsinta. Wuce lokaci yana ƙona sukarin, abincin ya yi ruwan ƙasa ya zama guba. Ajiye kwalaben kwana uku kafin amfani, duk wadda ta gurɓace za ta nuna kanta.

Itatuwa da yawa ba sa jure gishirin MS, ganyensu sai ya ƙone a baki. Ga su, ko ka rage garin zuwa rabi, ko ka nemi haɗin WPM na Lloyd da McCown, wanda aka tsara don masu katako.

Sai reshen. Nan ne yawancin aiki ke lalacewa tun ba a fara ba. Reshen tsohuwar bishiya daga kurmi mai laima cike yake da fumfuna, kuma tsohon itace ba ya son komawa yaro. Gara a nemi tohon da ya fito daga kututture ko ƙaramin dashe, a rene shi a tukunya a inuwa na 'yan makonni, ana ba shi ruwa a gindi ba tare da jiƙa ganye ba, sannan a yanko sabon tohon da ya yi. Cire ganyen, yanka gunduwa-gunduwa mai ido ɗaya, santimita 2 zuwa 3. Wanke da sabulun ruwa a ƙarƙashin famfo na minti 30. Tsoma a sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100 na daƙiƙa 30, kar ya wuce minti ɗaya. Daga nan sai bilic. Duba jikin robar: in an rubuta kashi 3.5, ɗebi mililita 30 ka cika da ruwa zuwa 100, ka sami kusan kashi 1. Sa ɗigo biyu na sabulun ruwa don ya ratsa gashin reshen, jiƙa minti 10 zuwa 15 kana girgizawa. Ɗauraye sau uku zuwa biyar da dafaffen ruwan da ya huce. Datse bakin biyu da bilic ya farar, ka kafa gunduwar a tsaye, gindi a ƙasa. Mutane na juya ta, su yi ta jira a banza.

Tun daga bilic zuwa rufe kwalba, aikin na bisa teburin da ke tace iska ne. Wanda ba shi da shi zai iya kifa babbar roba mai haske, ya huda ramuka biyu na hannu, ya feshe cikinta da sifirit, ya kashe fanka ya rufe taga. Asara za ta fi yawa, amma ana samun nasara. A ƙona reza da hantsaki bayan kowace gunduwa, a bari su huce. Sifirit da harshen wuta ba sa zama a rufaffiyar roba ɗaya, a kula.

Ɗakin reno: digiri 25, haske awa 16, duhu awa 8. Tsirran tsauni sun fi son 20 zuwa 23, kuma kwalbar da ke ƙarƙashin fitila ta fi ɗakin zafi. A Zariya cikin watan Afrilu, yini ɗaya babu wuta zai iya dafa aikin wata shida, don haka a tanadi sola kafin a sayi sinadari. Ana sauya abinci kowane mako huɗu zuwa shida. In toho ya kai santimita 3, a mayar da shi kan rabin MS, babu BAP, da IBA, sinadarin da ke ta da saiwa, miligiram 0.5 zuwa 2 don ya yi saiwa.

Wata ɗalibar digiri na biyu daga Kano: Kwalabena kashi uku suke lalacewa. Wasu na yin gashi, wasu abincin ya yi baƙi, wasu kuma tsiron ya kumbura kamar an jiƙa shi.

Malama, kowanne da sababinsa, kuma wurin da ɓarnar ta fara shi zai gaya miki mai laifi. Gashi fari, kore ko baƙi fumfuna ce, takan bayyana cikin kwana uku zuwa bakwai. In daga jikin gunduwar ta taso, wankin bai isa ba: ƙara mintin bilic kaɗan-kaɗan. In can gefe ta fito, nesa da tsiron, daga iska ne ko hannu ko murfi. In kwalabe da yawa sun lalace har cikin abincin, tukunyar ce ba ta kai zafi ba. Akwai na huɗu mai ban takaici: wani farin yauƙi kamar madara da ke fitowa a gindin tsiron bayan mako uku ko ma bayan sauyi na biyu. Waɗannan ƙwayoyin a cikin jijiyoyin reshen suke zaune, bilic ba ya kai musu. Maganin da ya fi shi ne yanko ƙaramin kan toho kawai, a jefar da sauran. Kwalbar da ta gurɓace kar a buɗe ta a ɗakin, a dafa ta a rufe tukuna.

Baƙin abinci daga tsiron ne. Itacen da aka yanka yana zubo ruwa mai bauri, irin wanda ke sa goro ya canza launi in an fasa shi, kuma ruwan na kashe gunduwar. Itatuwan magani sun fi kowa wannan hali. Jiƙa gunduwar a ruwan da aka tace mai ɗauke da bitamin C miligiram 100 da tsamin sitirik miligiram 150 a lita kafin dasawa, ajiye kwalaben a duhu kwana biyar zuwa bakwai na farko, kuma ki matsar da gunduwar zuwa sabon abinci duk kwana biyu har zubar ta tsaya. Garin gawayi na musamman, giram 1 zuwa 2 a lita, yana tsotse baurin, sai dai yana tsotse BAP ma, don haka ya fi dacewa a matakin saiwa.

Kumburi da ganye mai sheƙi kamar gilashi alamar BAP ya yi yawa ne, ko agar ya yi kaɗan, ko kwalbar ba ta numfashi. Rage BAP zuwa rabi, kai agar giram 8, sassauta murfi.

Abu guda da ba ki tambaya ba: in kin ga wani dunƙulen nama marar siffa yana girma a gindi, kar ki yawaita tsiro daga gare shi. Tsirran da suka fito ta wannan hanya sukan sauya halitta. Don aikin ceto, daga ido kawai ake ɗauka, kuma kowace kwalba ta ɗauki lambar uwarta har ranar dashe.

Wani mai gandun reno daga Jos: An ba ni tsirran kwalba masu kyau, na dasa a leda, kwana biyu duk suka yanƙwane.

Ba laifin ƙasarka ba ne. Tsiron kwalba ya girma cikin laima kusan ɗari bisa ɗari. Ganyensa bai yi kakin da ke hana ruwa fita ba, ƙofofin numfashinsa ba su iya rufewa ba, kuma ya saba cin sukari a banza. Wanke agar ɗin tas daga saiwa da ruwa mai ɗumi-ɗumi, don ragowarsa abincin fumfuna ne. Dasa a yashin rafi da ruɓaɓɓen garin katako rabi da rabi, waɗanda aka turara. Kifa farar leda ko rabin gorar ruwa a kai, a inuwa. Bayan mako ɗaya huda ƙananan ramuka, kana ƙara su duk kwana biyu, har ka cire murfin gaba ɗaya a mako na uku ko na huɗu. Sabon ganyen da ya fito a waje shi ne shaidar ya kama. In za ka mayar da shi babbar leda, haɗa da ɗan dintsin ƙasar kurmin da uwarsa take, saboda naman gwarin da ke taimakon saiwa. Kar ka fitar da su cikin hunturu.

Wani dattijo mai sassaƙe daga Gembu: Itacen nan mai jan katako da ake sayen ɓawonsa don ciwon mafitsarar maza ya yi wuya. Mu ba mu da ɗakin gwaji. Akwai abin da za mu iya?

Baba, akwai, kuma abin da ke hannunku ya fi na kwalba saurin amfani. Itacen shi ne Prunus africana. Daga ɓawonsa ake yin maganin kumburin mafitsarar maza a Turai, kuma yawan sassaƙa ya sa aka sanya shi cikin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar barazana, a 1995, ta yadda ba a fitar da shi waje sai da izini. A 2007 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen na Kamaru na wani lokaci saboda ɓarnar ta yi yawa.

Itacen yana mayar da ɓawonsa in an bar masa hanya. Ƙa'idar da aka tsara a Kamaru ita ce: kar a taɓa wanda kaurinsa bai kai santimita 30 ba daidai ƙirjin mutum. A raba jikinsa gida huɗu, a sassaƙi biyu masu kallon juna, daga daidai ƙirji zuwa reshen farko, a bar biyu. Kar wuƙa ta kankare santsin da ke manne da katako, daga nan sabon ɓawo ke fitowa. Sai bayan shekara biyar zuwa takwas a dawo ga ɓangarorin da aka bari. Wanda aka zagaye shi da sassaƙa yakan mutu, ko da ganyensa ya kai wata shida yana kore, domin abincin da ganye ke haɗawa ta ɓawo yake sauka zuwa saiwa.

Irinsa ba ya jimawa. A tsinci 'ya'yan da suka nuna, a murje naman a wanke, a shuka cikin 'yan kwanaki a inuwa. Shanya shi a rana kashe shi ne. Ana kuma kafa reshensa a akwatin laima wanda ba ya buƙatar wuta ko famfo: akwatin katako mai tsawon mita 3 da faɗin mita 1, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙasansa yadda zai riƙe ruwa, a zuba yashi kaɗan, sai duwatsu, sai tsakuwa, a cika ruwa zuwa saman tsakuwar, a ɗora yashi da garin katako kamar santimita 10, a lulluɓe duka da farar leda. A yanko reshe mai ido ɗaya ko biyu daga ƙaramin itace da sassafe, a rage ganyen zuwa rabi, a kafa. Ganye cikakke yana zubar da ruwa fiye da kima, reshe babu ganye kuma ba shi da abin ciyar da saiwa. Duk buɗewa a yayyafa ruwa. Kafin a ɗebi iri ko reshe a cikin gandu, a nemi izinin ma'aikatan gandun daji.

Wani mai karatu daga Agadas: Akwai zaitun daji a kan duwatsun Azbin. Tsofaffi ne kawai, ba ma ganin ƙanana.

Wannan zaitun Sahara ne, Olea europaea laperrinei, ɗan'uwan zaitun da ake ci. Yana kan Bagazam da Tamgak a Nijar, da Ahaggar a Aljeriya, da Jabal Marra a Sudan, ragowar zamanin da Sahara ke da ruwa. Raƙuma da awaki na cinye tohonsa har ya zama dunƙulen kututture da ba ya fure. Waɗanda suka yi furen ma sun yi nisa da juna, ga shi zaitun yakan buƙaci garin furen wani, iska ce ke kawowa. Yawanci ta gindi yake sake tohowa, don haka kututture biyar a wuri ɗaya na iya zama bishiya ɗaya.

A nan kwalba na da gurbi na gaske. In an sami 'yan ƙwallaye, ana fasa su a ciro ɗan tayin a tsirar da shi a kwalba, maimakon jiran watanni. Zaitun ba ya son MS da BAP sosai, yana da nasa haɗin da Rugini ya fitar a 1984, da sinadarin zeatin mai tsada. Kafin a kai ga wannan, katangar dutse da ta fi ƙarfin akuya a kewaye da 'yan bishiyoyi, da yardar masu kiwon wurin, za ta nuna ko za su yi fure in an bar su.

Wata malamar firamare daga ƙaramar hukumar Sardauna, a tudun Mambila: Ana ce mana mu wayar da kan yara. Ban da waƙa da dashen bishiya ranar biki, me za mu yi?

Malama, dashen ranar biki shi ne mafi rauni a cikin aikin, domin ana ƙirga abin da aka dasa, ba a komawa a ƙirga abin da ya rayu. Ki ba kowane rukunin yara bishiyoyi goma masu lamba, su auna tsayinsu duk wata, su rubuta wadda ta mutu da abin da ya kashe ta. A dasa a farkon damina, kuma a dasa na gida. Bishiyar turare ta riga ta cika Mambila, tana da amfaninta na katako da itacen girki, amma ba ta maye gurbin kurmi.

Gwaji mai sauƙi: kwano biyu masu faɗi a jingine, ɗaya da ƙasa tsirara, ɗaya da ƙasa mai ciyawa. A zuba ruwa daidai wa daida, a tari abin da ya gangaro a kwalba. Yaro da idonsa zai ga jan ruwa da farin ruwa. Daga nan sai ki nuna musu a taswira cewa kogin Donga daga tudunsu ya taso, kamar yadda Kaduna da Gongola suka taso daga tudun Jos.

Ki sa su riƙe littafin bishiya: a zaɓi itatuwa biyar kusa da makaranta, duk mako a rubuta ko suna fure, ko 'ya'ya, da tsuntsun da ya zo ci. Bayan shekara biyu makarantarki ta san watan tsintar kowane iri, abin da masu gandun reno ke nema ruwa a jallo. Su kuma tambayo sunan kowane tsiro a gida da Mambilanci da Fulatanci da Hausa, su matse ganyensa tsakanin jaridu da katako biyu, ana sauya jaridar kullum har ya bushe. Reshe ɗaya ya isa, kuma ba a tumɓuke okid.

Wutar da ke cin bakin kurmi manya ne ke sa ta, kuma suna da dalili: makiyayi na neman sabuwar ciyawa, manomi na share gona. Taron da aka kira don a zarge su ba zai hana komai ba. A zauna da arɗo da mai unguwa da limami da fasto a kan abu biyu da za a iya yi: a yi ƙuna da wuri, farkon rani, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi kuma wutar ba ta da ƙarfi, sannan a share fili mai faɗin mita biyar ko fiye a kewaye da kurmi da sabon dashe. Masu binciken da ke aiki a Ngel Nyaki ƙarƙashin jagorancin Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury a New Zealand sun killace wasu filayen ciyawa a bakin kurmin daga wuta da kiwo don a ga yadda daji ke dawowa. In makarantarki za ta iya kai yara, ki nemi izini tun da wuri, ki kai su su tsaya a bakin shingen su ƙirga ƙananan itatuwan da ke ciki da waɗanda ke waje.